Geron Da Aka Ɓoye Wa Rumbun Gari

A can wani zamani, a wani gari da ke gindin dutse, duk kaka kowane manomi yakan kai dami ɗaya cikin goma rumbun gari. Wani manomi ya ce a ransa, "Ni da wahala, su da kwasa?" Sai ya haƙa rami ya binne geronsa, ya ce wa Sarkin Noma bana gonarsa ba ta yi ba.

Da bazara ya tona ramin, ya tarar gara ta cinye geron tas. Ko na iri babu.

Ruwa ya sauka, aka buɗe rumbun gari ana rabon iri. Manomin ya raɓe a baya, kai a sunkuye. Mutane suka ce, "Wanda bai zuba ba, ba zai ɗiba ba!"

Sarkin Noma ya ce, "In bai shuka bana ba, me zai zuba baɗi?" Ya cika masa ƙwarya.

Manomin ya durƙusa, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri."

Da kaka ta zagayo, tun ba a yi shela ba, aka gan shi a bakin rumbu, jakinsa ɗauke da dami biyu.