Ƙodar Baba a Cikin Kwali

"Don Allah ka daina yi min maganar aure! Ubana yana yawo da ƙari a ƙodarsa, kai kuma kana tambayata yaushe manyanka za su zo?"

Injiniya ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Haka yake yi duk lokacin da Auta ta hau sama, kamar a gilashin laifin yake.

"Ni fa ba haka na ce ba, masoyiyata. Cewa na yi in an yi masa aikin..."

"In ya yarda ke nan! Ka taɓa ganin Baba ya ce a'a ya dawo ya ce e?"

A ɗakin aikinsa suke, a ƙasan benen asibitin koyarwa, na'urarsa na ta zirga-zirga a bayansu. Wannan na'urar ba takarda take bugawa ba. Ana ba ta hoton cikin jikin mutum, sai ta riƙa zuba narkakkiyar roba layi bisa layi har ta gina gaɓar yadda take a jikin mai ita, ƙashi ne ko zuciya ko ƙoda. Likitoci su gwada aiki a kai kafin su taɓa mutum, ɗalibai su yi karatu da ita. Auta, da take aikin jinya a sashen yara, a nan ta fara ganin Injiniya ranar da aka aiko ta karɓar wata 'yar zuciya, kuma tun daga ranar hanyarta ta zuwa ko'ina sai ta bi ta ƙasan bene.

Baba kuwa bai taɓa kiransa Injiniya ba. "Mai 'yar tsana" yake ce masa.

Baba tsohon bakanike ne, shi da Auta ne kawai a gida tun rasuwar Umma. Yana da doka guda da duk mai kawo masa mota ya sani: ba ya canza komai a inji sai ya ciro lalataccen ya ɗora wa mai motar a tafin hannu, ya nuna masa inda ya ci, sannan ya tambaye shi, "Ka gani?" Sai mutum ya ce ya gani ake ci gaba.

Shi ya sa ranar da Farfesa, babbar likitar ƙoda, ta juyo masa da allon kwamfuta tana nuna masa ƙarin, ya ƙura ido ya ce, "Likita, ni hayaƙi kawai nake gani." Ta yi masa bayani cewa ƙarin ƙarami ne, da 'yan huda ƙanana da kyamara za a cire shi a bar masa ƙodarsa, amma in an jinkirta labari zai canza. Baba ya yi godiya, ya ɗauki hularsa, bai sake komawa ba.

"Farfesa ta sa na buga ƙodarsa," in ji Injiniya a hankali. "Ta ce tunda ya ƙi zuwa, a kai masa abinsa har gida. Gani ya kori ji."

Ya nuna wani kwali a kan tebur, an liƙe shi da salatif.

Auta ta kalli kwalin. Ta sha riƙe zukatan 'ya'yan mutane a hannunta ba ta ji komai ba, amma wannan na ubanta ne.

"Buɗe ki gani mana."

"Ba zan iya ba."

"To in raka ki in yi masa bayani?"

"Kai? Ya gan ka da 'yar tsanarsa a hannu? Ai ko sauraro ba zai yi ba."

Ta ɗauki kwalin ta tafi. Da yamma ta ajiye shi a kan bencin gareji, ta ce saƙon Farfesa ne, ta wuce cikin gida da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Washegari Baba bai ɗaga ƙofar gareji ba. Yana ciki yana wanke sifanu da kalanzir, yana goge su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a akwati. Mutumin da ko ranar hutu sai ya leƙa ƙarƙashin motar wani! Bai yi faɗa a kan gishirin abinci ba, bai kunna rediyo ba. Da Auta ta dawo daga aiki ya kira ta.

"Auta, zauna."

Ta zauna a kan tsohuwar taya.

"Yaron nan naki... mai 'yar tsana. Ki ce masa ya turo manyansa. Kada a ja lokaci."

Wannan ce maganar da ta daɗe tana roƙon Allah ta ji daga bakinsa. Ga ta ta zo, amma Auta ba ta ji daɗi ko kaɗan ba.

"Baba, lafiya?"

"Ina so in gan ki a ɗakinki kafin in tafi."

"Ka tafi ina?"

"Na ga abin, Auta. Na riƙe shi a hannuna. Injin da ya kai haka ba a kwance shi, sai dai a lallaɓa shi ya kai inda zai kai."

Ya janye tsumman da ya rufe kwalin, ya ciro abin da ke ciki. Ƙoda ce ta roba mai garai-garai, jijiyoyi ja da shuɗi sun ratsa ta, ga ƙarin an yi masa launin rawaya. Sai da Baba ya sa hannu biyu ya ɗauke ta. Ƙarin kaɗai ya kai lemon zaƙi.

Kallo ɗaya Auta ta yi ta miƙe tsaye.

"Baba! Wannan ba girmanta ba ne! Babu ɗan Adam mai ƙoda haka!"

"Ai shi ne na ce ta kumbura."

"Ba kumburi ba ne, ƙara mata girma aka yi! Wallahi Baba..."

Ya yi murmushi irin na babba ga yaro. "Haka kuke gaya wa marasa lafiyarku, na sani. Allah ya yi miki albarka. Amma ni duk rayuwata ban taɓa ganin an ba mutum kayan gyara da ya fi na jikin motarsa girma ba."

Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta zana masa a takarda. Baba ya ci gaba da goge sifana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da take fama da shi a wurinsa ta gado.

Da safe ko jaka ba ta ajiye ba ta sauka ƙasan bene.

"Me ka aika wa ubana?!"

"Ƙodarsa mana... Ya yarda?"

"Ya yarda zai mutu! Wane girma ka buga ta?"

Injiniya ya juya ya kalli kantar da ke bayansa, inda ƙododi da zukata suke jere, kowacce ƙatuwa. A wannan ɗakin duk abin da za a nuna wa ɗalibai sai an ninka girmansa sau biyu, don na bayan aji ma ya hango jijiyoyin. Kowa a ɗakin ya san haka, shi ya sa babu mai faɗa. Da Farfesa ta ce abin nunawa take so, hannunsa ya danna abin da ya saba dannawa.

"Innalillahi... Auta, ban rubuta a jiki ba. Ban gaya miki ba."

"Garin neman gira ka tsone masa ido! Ka san me ya ce? Wai ka turo manyanka, yana so ya ga aurena kafin ya tafi."

Ta ga yadda fuskarsa ta motsa da jin maganar, don shi ma ya daɗe yana jiran ta.

"To ka ji da kyau," ta ce. "Ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga gidanka da yardar da tsoro ya ba da ba. In Baba bai kwanta an yi masa aikin nan ba, ni da kai mun gama."

"Ban ce ki shiga ba." Ya mayar da tabaransa. "Ni na ɓata, ni zan gyara. Ki ba ni zuwa gobe."

"In ka kai masa ƙarama zai ce rage ta ka yi don ka kwantar masa da hankali."

"Na sani."

Ta fita ta bar shi yana buɗe hotunan cikin Baba. A matattakala ta tuna cewa ya ce ta buɗe kwalin, ita ta ƙi. Da ta ɗaga salatif ɗin nan da duk haka ba ta faru ba. Abin ya tsaya mata a rai yini guda, amma ba ta koma ta faɗa masa ba.

Washegari da rana Injiniya ya yi sallama a ƙofar gareji, da wani kwali a hammata. Auta tana tsaye daga ciki ta harɗe hannu.

"A'a, mai 'yar tsana! Kai kaɗai? Ina manyan?"

"Ba maganar aure ta kawo ni ba, Baba. Laifi na yi maka, na zo in faɗa." Ya durƙusa. "Waccan da na aiko, ninki biyu ce. Ta ɗalibai ce. Kuskurena ne, ba na likita ba."

"Yarinyar nan ta turo ka ko?"

"Ta zage ni dai, amma ba ta turo ni ba."

Ya buɗe kwalin. Wannan ƙodar ba ta wuce dunƙulen hannu ba. A bayanta kuma ya buga ƙasusuwan haƙarƙari na ƙasa, farare, a manne da ita yadda suke a jiki.

Baba ya taɓe baki. "Wanda ya iya ƙarawa ai ya iya ragewa."

"Gaskiya ne. Shi ya sa na zo da haƙarƙarin. Ƙodar ba za ka iya taɓa ta ba, amma ƙashinka kana iya shafa shi. Ɗora wannan a kan naka ka gwada."

Baba ya karɓa. Gwaji dai sana'arsa ce, ba zai iya ƙin sa ba. Ya ɗaga riga ya kifa ƙashin robar a gefen bayansa, yana bin sa da yatsa. Lanƙwasar ta bi lanƙwasa, tsawon ya yi daidai. Can yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan ƙulli a jikin robar. Ya laluba jikinsa, ga ƙullin a daidai wurin.

"Wannan fa?"

"Ban sani ba, Baba. A hoton na gan shi, na'ura ta buga. Kamar tsohuwar karaya."

"Jak ne ya zame," in ji Baba a hankali. "Mota ta danne ni. Auta tana goye a lokacin... Ko uwarta ban gaya wa ƙashi ya karye ba."

Ya zauna a benci. Ya ɗauko ƙodar, ya sa farce ya ciro ɗan rawayan, ya fito tsaf ya bar ɗan rami. Ya juya shi a tafin hannu, ya jawo gwangwanin notuna ya zaɓo ɗaya ya ajiye kusa da shi. Kusan kai ɗaya.

"Wannan ne duka?"

"Shi ke nan."

"In an cire shi, wannan jan bututun fa? Ba zai yi yoyo ba?"

"Wannan tambayar Farfesa ce, Baba. Ni roba na sani. In na ba ka amsa, ƙarya zan yi."

Baba ya juya ga 'yarsa.

"Auta, wace rana likitar take zama?"

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, yana buga bayanta da hannunsa mai warin kalanzir yana cewa, "Ke, tashi mana, kina ba ni kunya gaban baƙo."

An yi aikin a makon da ya biyo baya, bayan Baba ya tsare Farfesa da tambayoyin bututu har ta makara shiga aji. Ƙodar ta zauna, ƙarin ya fita.

Da ya warware sosai a ɗakin jinya, abin da ya fara yi shi ne miƙa tafin hannu.

"Ina lalataccen?"

"An kai ɗakin bincike, Baba," in ji Auta. "Ba a ba mutum."

"Wane irin gareji ne wannan?"

Injiniya, da yake raɓe a bakin ƙofa, ya laluba aljihu ya matso ya ɗora masa ɗan rawayan a hannu. Baba ya dunƙule shi.

"Injiniya."

Sai da Auta ta ɗaga kai, don ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"Waccan maganar ta manyanka, na janye ta. A tsorace na yi ta." Ya numfasa. "Yanzu zan sake yi da hankalina. Amma ni ba na miƙa wa mutum abu sai na nuna masa inda yake da matsala. Wannan 'yar tawa tana da zuciya, tana da taurin kai, kuma in ta ji tsoro ba ta buɗe kwali."

"Baba!" Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Ka gani?"

Injiniya ya cire tabarau, ya rasa abin gogewa, ya mayar.

"Na gani, Baba."

"To turo su."