Fom Na Ɗari da Bakwai

"Wa ya cika wannan fom ɗin?"

Dogo ne, saurayina, ya ajiye takardar a gabana, a ajin da babu kowa sai mu biyu da wata fanka mai kukan tsufa.

"Ni mana... ba ka ga rubutuna ba?"

"Na gani, Farfesa. A ina kika cika shi?"

Farfesa yake ce min tun ina aji ɗaya a sashen tattalin arziki, saboda na cika gardama. Yau sunan bai zo da murmushi ba.

Gara in tona kaina tun da wuri. Binciken kammala digirina a kan mata masu sana'a a cikin gida ne. Dakta, malamin da ke duba aikina, ya ba ni lambobin gidaje ɗari da ashirin da aka fitar ta ƙuri'a, ya ce in shiga kowanne in tambaya da bakina. Na shiga casa'in. Daga nan rana ta gasa ni, jarrabawa ta matso, sai na samu inuwa a bayan laburare, na zauna da biro kala uku, na haifi mata talatin a yini guda. Na ba su shekaru, na ba su 'ya'ya, har da masu ciwon baya don abin ya yi kama da gaske.

Cibiyar binciken da Dogo ke aiki tana ɗaukar ɗalibi ɗaya duk shekara, wanda kundinsa ya fi. Nawa ne a sama, na Monitar ajinmu yana bin baya. Ita kuwa aikin take so, Dogon ma tana so, ga shi ta gan ni a inuwar nan. Ta kai tsegumi cibiya, ta san sarai Dogo ne mai komawa gidaje yana tantancewa. In ya rufa min asiri mu nutse tare, in ya tona mu rabu. Ta ko'ina riba take hange, ba a banza ta karanta tattalin arziki ba.

A gida kuma Yaya, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ya rantse babu zancen aure sai na kama aiki. Ko a lokacin ma ba da Dogo ba, "mai yawo da fayil gida-gida kamar ɗan tallan magani".

"Na je gidan da ke kan fom ɗin nan jiya," in ji Dogo.

Na runtse ido.

"Tela ce, yadda kika rubuta. Shekara sittin da ɗaya. 'Ya'ya uku, duk sun yi nisa. Keken ƙafa, ba na lantarki ba. Ko ɗigo ba ki kuskure ba."

Ni na ƙirƙiri matar nan, ina taunar marfin biro!

"Amma ta ce ba ki taɓa taka gidanta ba. Ta ce in kawo ki... wai kin yi mata ƙarya a tambayar ƙarshe."

Na duba. Tambayar ƙarshe ita ce: mene ne burinki nan gaba? Na rubuta mata "babu."

"Masoyina, sauran amsoshin ai sun dace. Ka rubuta sun dace kawai... don Allah!"

"Komai nawa naki ne, Farfesa, ban da sa hannuna a kan ƙarya."

"Ashe son naka iyakarsa bakin biro!"

Ya ji ciwon maganar, na gani a idonsa. Ni ma na ji, amma tsoro ya fi ƙarfina.

"Gobe da hantsi ina jiranki a bakin layin gidanta," ya ce, ya fita.

Na je. Gidan ne na ƙarshe a lungun, ƙofar a sakaye, ƙarar keken ɗinki na fitowa daga ciki. Muka yi sallama sau uku kafin wata siririyar murya ta amsa.

Ɗakin na warin man keke da tsohon yadi. Tsohuwar ta ba mu baya, tana tura wani yadi ruwan toka ƙarƙashin allura. A gefe ga tabarma a shimfiɗe, da kofin ruwa a rufe, ƙura ta yi wa murfin lulluɓi.

"Zauna, 'yata. Tabarmarki ce, tun ranar na shimfiɗa ta."

Na zauna.

"An zo an sanar da mu ɗaliba za ta zo ta tambayi yadda muke rayuwa. Shekara arba'in ina ɗinki, ba wanda ya taɓa tambayata komai sai 'yaushe za ki gama?' Na yi wanka, na sa kayana masu kyau, na zauna jira."

Keken bai tsaya ba. Na saci kallon ƙasa... ƙafafunta na naɗe a ƙarƙashin kujera, fedar na hawa da sauka ita kaɗai.

Na damƙe hannun rigar Dogo.

"Kin rubuta ba ni da buri. Wa ya faɗa miki?"

"Ki yafe ni, Inna..."

"Tambaye ni."

Na karanta mata tambayar.

"Burina in ɗinka riga ɗaya wadda ba wanda ya sa ni, ba wanda ya sa min rana, in ba wadda na ga dama." Sai a lokacin keken ya tsaya cak. "Saura ashirin da tara. Su ma sun shimfiɗa tabarma."

Ban san yadda muka fito ba. A bakin titi na durƙushe ina kuka, kuma ba kukan tsoro ba ne kaɗai. Kunya ce. Shekara huɗu ina haddace yadda talaka ke rayuwa a littafi, na kasa ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Ba zan kai rahoto ba sai kin riga ni magana," in ji Dogo a hankali. "Amma zan kai."

"Na sani... raka ni ofishin Dakta."

Dakta ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Bai kore ni ba, tunda da ƙafata na zo, amma ya ƙara min zango guda. Aiki ya tafi hannun Monita, har da kirana a waya wai tana min jaje. Yaya ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.

Da ya huce ya tambaye ni, "Shi mai fayil ɗin bai rufa miki asiri ba?"

"Ya ƙi, Yaya. Har kuka na yi masa."

Sai ya ce, "To ya fi ki hankali. Ki ce ya zo in gan shi."

Gida ashirin da tara muka shiga, Dogo na ɗaukar hutu yana riƙe min fayil, yana tsokanata wai Farfesa ta koma aji ɗaya. A cikinsu babu wadda na dace da ko shekarunta. Gidan telar na bari a ƙarshe, don in karanta mata amsarta.

Kwaɗo muka tarar a ƙofar, ya yi tsatsa.

Wata maƙwabciya ta leƙo da jariri a baya.

"Inna tela kuke nema? Allah sarki, ai ta rasu tun bara. Kwana biyu bayan ranar da aka ce ɗaliba za ta zo."

Ni da Dogo muka kalli juna.

"Ke ce ɗalibar? Tsaya..."

Ta shiga ta fito da ƙunshi a leda.

"Ta ce komai daɗewa in kin zo a ba ki."

Riga ce ruwan toka, yadin da na gani ƙarƙashin allurar nan.

Ita na sa ranar aurenmu, duk da 'yan uwa sun ce kalar ba ta amare ba ce. Kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu, ko'ina ta zauna cif. Dogo ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyo.

"Farfesata... yaushe ta gwada ki?"

"Ba ta gwada ni ba," na ce, hawaye na zubo min. "Ita dai ba ta kuskure ko ɗaya ba."