Safar Hannu Mai Karkataccen Yatsa

Gizlan ta fara ganin Zuhair ne ranar da ciwon ƙafa ya hana mahaifiyarta, Lalla Zahur, kai gurasa tanderun unguwa. Ta ɗora katakon ƙullun a ka, ta bi lungunmu na Marrakesh, ta sauka matakalar nan mai baƙin hayaƙi. Zuhair mai gashin gurasa yana tsaye a rami gaban wuta, yana jawo farantin ƙarfe da tsumman buhu wanda hujojinsa suka fi zarensa yawa. Kafin ta kalli fuskarsa, hannuwansa ta kalla. Tabon ƙuna ne sabo a kan tsoho.

Ya tambaye ta ta gidan wa ce. Ta ce ya duba alamar da ke jikin gurasar. Ya yi murmushi, ya ce ai ya daɗe da sanin gurasar Lalla Zahur, bai dai san tana da 'ya ba.

Ƙafar Lalla Zahur ta warke, amma Gizlan ta nace a bar tsohuwa ta huta.

Hannuwan nan suka hana ta sukuni, har ta yanke shawarar ɗinka masa safar hannu mai kauri. Sai dai ɗinkin yana son awo, kuma budurwa ba ta cewa saurayi ya shimfiɗa mata tafinsa. Don haka ta kawo kwali ta roƙi mahaifinta, Si Larbi baduku, ya ɗora nasa. Shi kuwa babban yatsansa na dama ya karkace waje saboda shekarun tura basilla. Ni dai ban taɓa ganin yatsa irinsa ba, kamar ƙugiyar rataye fitila. Ya tambaye ta na mene ne, ta ce zai gani. Da yamma ya je gidan shayi ya shaida wa abokansa 'yarsa tana ɗinka masa wani abu.

Ta yanka tsohuwar jallabiyarsa ta ulu, ta sa auduga da tawul a tsakiya, ta bi da keken ɗinki layi-layi, ta yi wa bakin jan ƙyalle. Sannan ta tura wa Zuhair saƙo ta waya.

"Mai toka, na bar maka abu ƙarƙashin mayafin gurasa. Kar ka goge tanderu da shi."

"Barewata, na sa. Yatsan ya karkace yana nuna hanyar gidanku. Zan bi shi."

Ranar Juma'a Si Larbi ya je tanderu ɗaukar tulun namansa da ake binne masa a toka. Zuhair ya zaro tulun ya miƙo, dattijon ya ga jallabiyarsa da yatsansa a hannun wani. Ya naɗe hannu da gefen riga ya karɓa ya tafi.

Ba a daɗe ba mahaifiyar Zuhair ta zo neman aure da curin sukari, kamar yadda ake yi. Idan uba ya fasa curin aka sha shayi da shi, ya yarda ke nan. Si Larbi ya ajiye shi a kan kantar ɗaki cikin takardarsa bai fasa ba, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wuni a rami yana warin hayaƙi ba. Ya shiga yabon Badar, ɗan ƙanwarsa mai shagon waya, wanda ya fara zuwa gidan da turare da rigunan guga.

Badar ne ya gaya wa Gizlan cewa ɗinkinta yana rataye a ƙusa, Zuhair ya koma tsummansa. Ta rubuta da zafin rai.

"An ce ka rataye su. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Barewata. Ki yi haƙuri, ba zan ƙara sa su ba."

Ta kife wayar, ta rufe keken da zane, ta ce wa mahaifiyarta ƙafar ai ta warke, sai ta koma kai gurasar da kanta.

Shi kuwa Zuhair ya ga yatsan dattijon ranar da ya miƙa masa tulu, ya kuma gane da hannunsa aka yi awon safar. Da safe ya wanke toka, ya ɗauki safar, ya je shagon takalman Si Larbi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baffa, na kawo maka kayanka. Yatsana bai cika su ba."

Si Larbi ya juya su ya sake juyawa. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, kullum mutanen gidan shayi sai sun tambaye shi ina abin da 'yarsa take ɗinka masa, har ya daina zuwa. Ya zura hannu. Suka zauna cif.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a. Fushi take da ni."

"Ni ma ba ta kula ni," in ji dattijon.

Sai idonsa ya sauka a kan sabuwar ƙuna a wuyan hannun saurayin. Ya yi tsaki, ya ce ashe bayan hayaƙi har da wauta. Ya jawo kwalin da yake fitar da awon takalma, ya ce masa ya shimfiɗa tafinsa kar ya motsa, ya zagaye shi da fensir.

Da azahar ya miƙa wa Gizlan kwalin. "A ɗinka masa nasa, 'yata. Sauran jallabiyar kuma a bar mini."

Ta tsaya riƙe da kwalin tana kallon yatsu miƙaƙƙu. Shi kuma ya ce wa Lalla Zahur ta ɗora ruwa, ta kawo na'ana'a da ƙaramar guduma.

"Mai toka, kana ina?"

"A rami, Barewata. Kin huce?"

"Ban gama ba. Amma ka fito ka kira mahaifiyarka. Baba ya fasa sukari."

An ɗaura auren bayan girbin zaitun. Allah Ya sanyaya musu hannu da zuciya, Ya sa albarka a gidansu, Ya ba su zuri'a mai jin ƙai.