Ya Jikin Walida

"Umma, wai farfaɗiya a kwano take zama?"

Hansatu na tsaye gaban bangon falo tana bin taswirar bututun ruwan unguwarsu da yatsa lokacin da tambayar ta same ta ta baya. Ta share taswirar da tafin hannu, bangon ya koma farin fenti, sannan ta juyo. 'Yarta Walida ce a bakin ƙofa, ko takalmin makaranta ba ta cire ba. Kwanon abincinta na hannunta, da ganin yadda ta riƙe shi ka san ba a taɓa abin da ke ciki ba.

"Wa ya faɗa miki wannan kalmar?"

"Iklima. Ta ce mamanta ta ce kar ta ƙara sa hannu a kwanona, wai ina da ita. Na ce mata ai kin wanke shi da safe, amma ta tashi ta koma wajen su Zulai."

Hansatu ta durƙusa ta cire mata takalmin. Ta ce mata ba a kwano take zama ba, ba a hannu ba, ba kuma a yawu ba, kuma babu wanda zai ɗauke ta daga wajenta ko da cokali ɗaya suka ci shekara suna sha.

Tun bara ciwon ya fara kama Walida. Likita ya manna mata ɗan magani a damtse wanda ke sakin kansa a hankali, ciwon ya lafa, sai jefi-jefi. Daga iyayenta sai likitan sai Malama Tabawa, ma'aikaciyar jinyar makarantar, su kaɗai suka sani. Ba kunya ce ta sa Hansatu ta ɓoye ba. Ta san mutanen garinta ne. Suna hawa jirgin ƙasa marar direba, rufin gidajensu na shan rana yana ba su wuta, amma har gobe akwai wanda in ya ji sunan ciwon nan zai janye ɗansa gefe.

A birnin Tudun Haske an daɗe da daina zuwa taro da ƙafa. Kowane gida da kowane ofis yana da Zaure, na'urar da Kamfanin Hasken Taga ya ƙera. In an kunna ta, bangon ɗaki sai ya zama kamar gilashi, ka ga mutanen taron zaune a ɗakunansu, su ma su gan ka. Duk takardun mutum da hotunansa suna ajiye a wani wuri cikin na'urar da ake kira tebur. Mai son nuna wa jama'a wani abu yana iya buɗe musu taga ɗaya, ko ya buɗe teburin gaba ɗaya. Da farko kowa taga ɗaya yake buɗewa. Sai kamfanin ya fito da Ɗan-aike, wata manhaja mai kunne da ke sauraron abin da ake faɗa a taro. Duk abin da aka ambata, in yana kan teburin mai nunawa, kafin ya miƙa hannu ta ɗauko ta shimfiɗa a bango. Sai dai Ɗan-aike ba ya aiki sai an buɗe masa tebur duka. Mutane suka ga sauƙi, suka buɗe.

Hansatu ta zuba wa Walida abinci mai zafi, ta shiga ɗaki ta kira Malama Tabawa.

"Maman Walida," in ji Malamar tun kafin hotonta ya gama fitowa, "wallahi tun jiya nake neman bakin da zan kira ki da shi."

"Ga ni na kira. Me ya faru?"

"Taron iyayen aji ne, wanda kika ce aiki ya hana ki. Na buɗe tebur zan nuna musu ranakun rigakafi. Ana cikin gaisawa, sai Maman Iklima ta ce, 'Malama, ya jikin Walida? Na ji an ce ba ta zo ba shekaranjiya.' Shi ke nan. Ban ankara ba sai ga fayil ɗin yarinyar a bango, da hotonta, da sunan ciwon da manyan baƙi. Na rufe, amma ido ya riga ya gani."

"Su nawa ne?"

"Ba su da yawa, yawancin iyaye ba su zo ba. Amma Maman Walida, ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kin san Zaure yana ɗaukar kowane taro ya ajiye. Gobe bayan azahar kundin zai tafi wa duk iyayen ajin, waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba."

Hansatu ta zauna a bakin gado. Wato abin da mata kaɗan suka gani jiya, gobe zai shiga kowane falo, a tsayar da hoton, a kira maƙwabciya ta zo ta karanta.

"Ki goge wurin."

"Na gwada. Shugaban makaranta ma ya gwada. Ya ƙi goguwa."

Ta kira kamfanin. Wata murya mai laushi, wadda ba ta mutum ba, ta gaya mata cewa kundin taro ba ya yankuwa, domin kare gaskiyar abin da aka tattauna. Ta sake kira, muryar ta maimaita mata da laushin nan dai. A karo na gaba Hansatu ba ta yi gardama ba, ta ce a sa sunanta a zaman sauraron koke na gobe da safe.

Washegari ta raka Walida har bakin jirgi, ta dawo ta yi abin da take yi kafin kowane taronta na ma'aikatar ruwa. Ta rufe duk abin da ke kan teburinta, ta kashe sanarwar saƙonni, ta kashe kunnen Ɗan-aike. Abokan aikinta kan yi mata dariya a kan haka, suna kiranta Hajiya Sakata. Ta gyara mayafinta ta kunna Zaure.

Bangon ya cika da mutane. A tsakiya akwai Injiniya Sallau, wanda ya jagoranci ƙera Ɗan-aike, mutum mai fara'a da furfura kaɗan a gemu. A gefensa wakilan hukumar ilimi ta birnin ne, sun zo sauraro saboda ana shirin sa Ɗan-aike a dukkan makarantu. Malama Tabawa na can ƙurya, kanta a sunkuye.

"Hajiya, mu tafi kai tsaye," in ji Injiniya. "Na karanta kokenki, kuma na tausaya. Amma na'ura ba ta yi kuskure ba. An ambaci suna, an ambaci jiki, ta kawo abin da ya shafi sunan da jikin. Aikinta ke nan. Laifin na masu hira ne a lokacin aiki."

"Hira?" in ji Hansatu. "Gaisuwa ce. Matar nan alheri ta nufa."

"To, a rage gaisuwar."

"Na ji. Kundin fa? Bayan azahar zai fita."

"Wannan kam ba ya yankuwa, Hajiya. Haka aka gina shi. In aka ce kowa ya yanke abin da bai yi masa daɗi ba, ina amfanin kundin?" Ya yi murmushi ya dubi wakilan hukumar. "Bari in nuna muku yadda na yarda da abin nan. Ga teburina, na buɗe shi duka. Tun da muka ƙera shi ban taɓa rufewa a taro ba. Wanda ya iya bakinsa ba shi da abin tsoro."

Teburinsa ya bayyana a bango, fayiloli jere kamar tufafi a shagon wanki. Ya ce "rahoton makarantu," rahoton ya buɗe. Ya ce "taswirar birni," ta buɗe. Wani daga cikin wakilan ya gyaɗa kai.

"Injiniya," in ji Hansatu, "ka yi haƙuri. Ka ce mu tafi kai tsaye, na biyo ka, amma ni ba a yi mini tarbiyyar fara magana da babba ba gaisuwa ba. Ina kwana?"

Ya yi dariya. "Lafiya lau, Hajiya."

"Ya aiki?"

"Da godiya." Fayilolin ofis suka matso gaba, suka tsaya.

"Ya gida?"

Fayilolin ofis suka ja baya. Wani rukuni ya taso daga ƙasan tebur, da hoton wata ƙofa mai shuɗin fenti a kansa. Dariyar Injiniya ta ragu.

"Ya iyali? Ya yara?"

Rukunin ya buɗe. Fayiloli suka fito da sunaye a jikinsu, ɗaya daga ciki ya fi sauran matsowa, yana ɗauke da jan tambarin asibiti. Ɗan-aike ya riƙe shi a tsakiyar bango yana jira, kamar yaron da ya ɗauko tire yana jiran a ce ajiye.

Hansatu ta juya wa bangon baya.

"Ban karanta sunan ba," ta ce, fuskarta na kallon labulen ɗakinta, "kuma ba zan karanta ba. Ban san komai a kanka ba, Injiniya, ban bincike ka ba. Na dai san babu gidan da ba shi da mai jinya. Saura gaisuwa ɗaya, kai ma ka san ta, duk Bahaushe ya san ta. Ita Maman Iklima ta yi. In ƙarasa?"

Wata daga cikin wakilan, dattijuwa mai farin tabarau, ta sa hannu ta rufe idonta.

"Hajiya, wannan ba daidai ba ne," in ji Injiniya.

"Ai na sani. 'Yata ma ta sani, jiya ba ta ci abinci ba. Kai ka ce wanda ya iya bakinsa ba shi da abin tsoro. To bakinka a rufe yake, nawa ne a buɗe. Ya mai..."

Bangon ya yi ƙara ƙit. Da ta waiwayo, teburin ya ɓace, sai fuskar Injiniya kaɗai, gumi na bin gefen hularsa.

"Ka rufe," in ji dattijuwar, ta sauke hannunta. "Ba kai ka ce ba ka taɓa rufewa ba?"

Hansatu ce ta sake magana, a hankali wannan karon.

"Wannan zaman ma ana ɗaukarsa, ko? Kundinsa zai tafi hukuma da duk ma'aikatanku. Sunan da ke jikin jan fayil ɗin nan yana ciki. Duk mai so zai tsayar da hoton ya karanta. Ni da na so a yanke maka wurin, amma ka ce ba ya yankuwa."

Injiniya Sallau ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Akwai mabuɗi. Yana wajena."

"To ka fara da na 'yata. Naka bai kai nata gaggawa ba."

A gaban kowa ya yi. Ya kira kundin taron iyaye, ya nemo wurin, ya yanke, Malama Tabawa ta duba ta tabbatar. Kafin a kira azahar an gama. Kundin ya tafi gidajen iyaye da ranakun rigakafi kawai a cikinsa.

Da yamma Hansatu ta dafa dambu, ta zuba a kwanon Walida na makaranta, ta riƙe hannun yarinyar suka taka da ƙafa har gidan su Iklima. Babu mabuɗin da ke goge abin da ya riga ya shiga idon mutum, wannan sai an je da kai. Ta zauna a tabarmar Maman Iklima ta yi mata bayanin ciwon tun daga farko, ta buɗe kwanon, ta ci ita da 'yarta a gabanta. Matar ta yi ta ba da haƙuri, ta ce wallahi gaisuwa kawai ta yi. Ta ɗebi loma ɗaya. Iklima dai ba a kira ta ba a ranar. Sai da aka kwana biyu yaran suka koma cin abinci tare, kuma akwai uwa ɗaya a ajin da har yau 'yarta ba ta zama kusa da Walida.

Hukumar ilimi ta ɗage shirinta. Kamfanin kuwa bai taɓa kunnen Ɗan-aike ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wani rubutu da ke fitowa a bango da zarar an kunna Zaure: a guji gaisuwa da tambayar lafiyar iyali yayin taro. Mutane da yawa suka bi. A ofisoshin Tudun Haske aka koma fara taro kamar an shiga ɗakin da ba kowa, mutum ya san abokin aikinsa ya kwana a asibiti da mahaifiyarsa, amma ya haɗiye tambayar don kada na'ura ta ji. An gina abu don ya yi wa mutane hidima, ga shi mutanen ne ke gyara bakinsu don su dace da shi.

Hansatu ba ta bi ba. Har yau in ta shiga taro sai ta gaida kowa da sunansa, ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi mai jiki. Teburinta a rufe, taga ɗaya tak a buɗe.

Kai da ke karanta wannan, ba sai ka jira zamanin Zaure ba. Allon da ke gabanka yau ma yana nuna duk abin da ka bari a buɗe. Kafin ka danna ka nuna wa taro, rufe duk abin da ba na taron ba, kashe saƙonnin da ke faɗowa, buɗe taga ɗaya kawai, ka dube ta da idonka kafin wani ya gani. In kana riƙe da fayil ɗin wani, ka tuna ba naka ba ne, amana ce, kuma wataƙila na yarinyar da za ta koma gida da kwanonta a rufe ne. Kada kowa ya lallashe ka ka buɗe duka don sauƙi. In ya fita, ba za ka iya dawo da shi ba.