Allurar Da Ta Zaɓa Masa

"Malamata..."

Ta juyo da sauri. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka, kuma ga shi kwance, ciwon daji ya kai masa har ƙashi.

Ita ce likitar da ke zaɓa wa irinsu allurar nukiliya mai rage zafi. Iri biyu ce: ɗaya tana jinkirin kamawa amma ta daɗe tana aiki, ɗayar ta kama da wuri ta ƙare da wuri. Tun tana ɗaliba take zaunar da shi tana yi masa bitar wannan karatu, yana hamma yana cewa so zai mai da shi likitan dole.

Aikin nan ne ya raba su. 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa ta kai tsegumi wai nukiliya tana ƙona mahaifa, uwar ta rantse ɗanta ba zai auri juya ba. Mai tsegumin kuwa ita ta aure shi, ta shige gidan abinta.

Yau ga uwar a bakin gado, ta kasa haɗa ido da ita.

"'Yata, ki yafe min... ki taimaki ɗana!"

"Ya wuce, Mama."

Bai wuce ba, har gobe tana son sa. Ta duba hotunan ƙashinsa har ta gaji da neman kuskure. Zuciyarta ta ce ta ba shi mai jinkirin don kada ya gane, amma hakan barin sa ne cikin azaba yana jiran sauƙin da ba zai riska ba.

"Wacce kika zaɓa min?" ya tambaya.

"Ka huta, don Allah..."

"Ɗalibinki bai manta ba. Kin ce mai jinkirin ta wanda yake da sauran lokaci ce."

Da ƙyar ta ce, "Mai saurin."

Uwar ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Ashe zai samu sauƙi da wuri!"

Ya lumshe ido, ya yi ɗan murmushi.

"E, Mama, da wuri." Ya miƙo hannunsa da ya zama ƙashi da fata. "Bismillah, Malamata, na gane karatun."

Ta sunkuya tana neman jijiya, hawaye ya hana ta gani.