Mai Wankin Gidan Evaristo

"Awa ɗaya kawai, Amparo! Ku shiga kicin ke da Mama, Ba'amurken nan mai neman 'yan wasa ya sha kofi ya tafi..."

Na zuba wa mijina ido, hannuna bisa cikina na wata bakwai.

"Mu ɓuya? A gidanmu?"

"Haba rayuwata, ki gane mana! Ƙungiyoyin ƙwallon Amurka ba sa ɗaukar baƙar fata. Na rantse masa jinin Turawan Sifen ne zalla a jikina, shi ne ya ce sai ya ga gidanmu da idonsa."

Duk garinmu Matanzas babu mai jifan ƙwallon besbol kamar Evaristo. In ya saki ƙwallo, mai sanda iska kawai yake duka. Hasken fata ya gado daga uban da ya tsere tun yana goye. Mahaifiyarsa Ma Tomasa kuwa, wadda ta raine shi da wankin kayan mutane, baƙa ce wuluk kamar ni.

"Ɗan da ke cikin nan fa? In ya biyo ni, a kicin zai girma?"

"Kafaɗar nan ba za ta dawwama ba, Amparo! In damar nan ta wuce, yankan rake zan koma!"

Kafin in amsa aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Muka shige kicin. Amma wa zai kai kofi? Wannan ko kusa bai zo wa Evaristo a rai ba. Ma Tomasa kuwa ba a taɓa yin baƙo a gidanta ya zauna baki bushe ba. Ta ɗauki faranti ta fita, na bi ta da sukari.

Ba'amurken ya dubi tsohuwar, ya dubi Evaristo. Wayyo, idanun uwa da ɗa iri ɗaya sak!

"Wace ce wannan?"

A zuciyata nake roƙo: faɗa masa, masoyina, don Allah faɗa masa...

Evaristo ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Mai wanki ce ni, ranka ya daɗe," in ji Ma Tomasa. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Mutumin ya yi murmushi, ya nuna cikina da sigarinsa.

"Ke fa, yarinya? Ina mijinki?"

Na ba Evaristo lokaci, wallahi na ba shi. Har kofin ya daina tururi bai ɗago ba.

Na ajiye sukarin a gaban Ba'amurken, hawaye na zuba.

"Ya mutu, ranka ya daɗe. Yanzun nan."