Tsuntsun da Ke Ƙarƙashin Zobe

Detlef, mabushin garin Markneukirchen, ya hura tsohon ƙahon tagullar sau ɗaya, ya ajiye.

"Wannan gwangwani ne! An musanya mana ƙaho."

Kafin azahar gari ya yanke hukunci: Irmtraud ce, tsohuwar da ke riƙe da makullin zauren kiɗa, inda ake ajiye ƙahon. Abin takaici, kakanta ne ya zana ganyen da ke jikin ƙahon shekara ɗari da suka wuce, ita kuma shekara arba'in tana goge shi. Yau ga shi za a ƙwace mata makulli a kira ta ɓarauniya.

Sufeto Rossbach ta fara da ita.

"Inna, ke kika ɗauka?"

"Na kai shi ina, 'yar nan? Kabarina?"

Detlef kuwa hannu ya miƙa, yana karkarwa. "Ranki ya daɗe, ko sunana da ƙyar nake sa wa takarda, balle zane."

Saura Volkmar, mai gyaran ƙaho, wanda ya taɓa ɗauke shi bara don ya fitar da lotsawa.

"Na gyara, na mayar. Ku tambayi mai makulli," in ji shi, ko kunya babu.

Sufeto ta juya jabun a hannunta. Aiki ne mai kyau, an kwaikwayi zanen ganyen tsaf, har ya ba ta haushi. Ta sa wani maƙeri ya narkar da dalmar da aka yi liƙi da ita, ya cire zoben azurfar da ke bakin ƙahon. A ƙarƙashi akwai zanen ɗan tsuntsu, bai kai ƙwayar wake ba.

Irmtraud ta dafe ƙirji. "Kaka ya ce yakan ɓoye tsuntsu inda ido ba ya kaiwa. Ban taɓa ganinsa ba."

"Malam Volkmar," in ji Sufeto, "mai kwaikwayo abin da ya gani yake kwaikwaya. Wa ya taɓa cire zoben ƙahon asali tun da aka liƙa shi?"

Ta nuna shi da yatsa.

"Kai kaɗai, bara, lokacin da ka fitar da lotsawar. Da ka bar wurin fayau, wa zai kama ka?"

Volkmar ya ɗaga kai, wai shi ne ma aka ɓata wa rai. "Ni ba na rabin aiki."

An samo na asalin a cikin akwatinsa, an naɗe, za a aika wa wani dillali. Irmtraud ta karɓa ba ta kalli kowa ba. A ƙofar zauren ta tsaya, ta dubi waɗanda suka taru da safe suna zaginta.

"Ku matsa," ta ce. "Zan kulle."